An aiko mini MacBook amma wayata Tecno ce, sai na sayi iPhone ke nan?

Tambayar daga Tawa ta zo, ga ta a taƙaice: "Salamu alaikum. Yayana da ke Faransa ya aiko mini MacBook Air M1 na hannu. Shekara shidda ina aiki da HP mai Windows 10, cikinta nike lissafin albasar da muke lodi zuwa Abidjan da Excel. Wayata Tecno ce, na sa kabul Mac ɗin bai ma nuna ya ganta ba. Ina so in koma Mac in ba ƙanwata HP ɗin amma ina tsoron lambobin mutane da hotuna da WhatsApp su ɓace. Ko sai na sayi iPhone?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka, ya saka ma yayanka da alheri. A'a, ba sai ka sayi iPhone ba, bar kuɗɗinka cikin albasa. Ni nan Yamai aikina ke nan gyaran ordinater da waya, kuma irin wannan tambayar kusan kowane sati sai an kawo mini ita a shago, mutum ya zo da Mac a jaka da Tecno ko Infinix a hannu yana cewa ɗayansu ya lalace. Babu wanda ya lalace cikinsu. Kabul ɗinka ma wataƙila lafiya lau yake.

Abin da ke faruwa shi ne wayoyin Android in ka haɗa su da kabul suna magana da wani tsari da ake kira MTP, Windows ya iya shi tun daga gida shi ya sa da ka soka wayar a HP sai ka ga dosiyoyi sun buɗe. Mac bai zo da shi ba, sai dai ya yi ma wayar sharji ya yi shiru abinshi. Da can Google na da wani ɗan lojisiyel Android File Transfer da ke cike wannan giɓi, sun daina ba da shi a shafinsu, kuma dama tun yana nan ma wahala gare shi, yana cikin kwafi sai ya tsaya. To amma kafin mu zo kan kabul ɗin, bari in juya maka tunanin gaba ɗaya, don kabul shi ne ƙaramin abu a cikin maganar ga.

Kada ka ɗaura wayarka da ordinater. Ka ɗaura su dukansu biyu da konti guda, kuma tunda wayarka Android ce, kontin nan Gmail ɗinka ne. Lambobi, kalanda, modepas ɗin da Chrome ya riƙe, duk can za su zauna, wayar ta ɗebo daga can, Mac ya ɗebo daga can. Gobe in wayar ta faɗa ruwa ko Mac ɗin ya ƙare ka koma Windows, ba abin da ya motsa. Kayan nauyi kuma, bidiyo da hotuna na shekaru, waɗannan ba ta intanet za su bi ba don forfe ɗinmu ba zai ɗauka ba, diski za su hau.

Sai tambayar da nike fara yi ma kowa kuma nan ne ake fara kallon ƙasa: ka san modepas ɗin Gmail ɗin da ke cikin wayarka? Da yawanmu ranar da munka sayi waya yaron shago ne ya buɗe muna konti a tsaye don Play Store ya yi aiki, ya sa wani suna da lambobi a baya, ya sa modepas ɗin da shi kanshi ya manta kafin la'asar. Shekara uku kana zuba lambobin mutane a konti da ba ka da makullinshi. In haka taka take, yau ɗin nan tun wayar na hannunka a buɗe, ka shiga farametir, Google, sarrafa konti, wajen tsaro, ka sa lambar pus ɗinka da kake aiki da ita yanzu a matsayin lambar maido da konti, sannan ka sake modepas. In ka kunna tantancewa mai mataki biyu, Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, ka rubuta su da biro a littafin da kake rubuta bashi, ba a cikin wayar ba. Na ga wanda ya yi musu hoto da wayar, wayar kuma ita anka sace.

Daga nan sai lambobi. A Tecno lambobin mutum na iya zama wuri uku ba tare da ya sani ba, wasu cikin pus, wasu cikin ƙwaƙwalwar wayar kanta, wasu cikin Google, sai aflikasiyon ɗin ya haɗa su ya nuna maka awa wuri guda suke. Waɗanda ke Google kaɗai ne za su bayyana a Mac. Yadda za ka gane, buɗe contacts.google.com a HP ɗin ka duba yawansu, ka gwada da yawan da wayar ke nunawa. In wayar ta ce 900 Google ya ce 200, to ka ga inda aikin yake. Ka shiga lambobin wayar ka fitar da su duka zuwa fishiye mai ƙarshen .vcf, ka shigo da shi cikin Google, sannan ka danna wajen haɗe masu maimaituwa don za ka ga direba guda ya fito sau uku, "Direba Galmi", "Direba Galmi 2", "Direba sabon lamba". Wannan fishiyen .vcf kuma kada ka goge shi, ka aje kofi a kile. Kuma daga yau ka saita wayar duk sabuwar lamba Google take zuwa, pus suna da lamba guda kawai yake riƙewa kuma wurinshi kaɗan ne.

A Mac ɗin kuma abin minti biyu ne. Réglages Système, Comptes Internet, ka ƙara Google, ka yi alama kan Contacts da Calendriers da Mail in kana so. Shi ke nan. Lambar da ka sa a waya kana tasha, in ka koma gida ka buɗe Mac ka same ta. Mac zai yi ta roƙonka ka zuba komai a iCloud, wato ma'ajiyar Apple ta intanet, ka buɗe kontin Apple ɗinka don App Store na buƙatarshi, amma lambobi ka bar su wuri guda. In ka raba rabi iCloud rabi Google, wata uku ba ka san wanne ne na gaskiya ba. Dama iCloud giga 5 yake ba da kyauta, Google giga 15.

To ga inda nike so ka buɗe kunne da kyau. Wannan haɗin da ake yi, ba ajiya ba ne. Madubi ne. Abin da ka goge nan ya gogu can. Wata hajiya mai saida atamfa da leshi ta zo mini bara hankali tashe, wayarta ta ce wuri ya cika, ɗanta ya ce bari ya share mata, ya zauna a ordinater ya buɗe kontinta ya yi ta zaɓe yana gogewa wai ai suna cikin waya. Da safe ta buɗe waya za ta kira masu bashinta, lambobi sun tafi. Ta zauna kan bencin shagona ko mayafi ba ta gyara ba tana ta "Malam duba mini, Malam duba mini". Allah ya taimake ta kwana huɗu ne da yin abin, Google na riƙe lambobin da anka goge kwana 30 a kwandon shara, munka maido su tana kallo. Da ta yi wata biyu tana jiran ɗan ya dawo daga tafiya, sai dai haƙuri. Shi ya sa nike cewa kofi a diski daban, wanda ba ya haɗe da komai, dole ne.

Diskin ma akwai tarko cikinshi. Diski ɗin da ka daɗe kana aiki da shi a Windows kusan tabbas tsarin NTFS gare shi. Mac na karanta NTFS, za ka ga kayanka ka kwafe su zuwa Mac lafiya, amma ba ya rubutu a kai, ka ja fishiye ka saka ya ƙi, mutane sai su ce diski ya mutu. In kuma ka bar Mac ya formate shi da nashi tsarin APFS, ranar da ka kai shi wajen mai imfirimanti ko ka soka a HP ɗin ƙanwarka Windows ba zai gane shi ba, har ya tambaye ka ko ya formate, wani cikin sauri ya danna i. Wanda dukansu biyu ke karantawa su rubuta shi ne exFAT. FAT32 ma suna yi amma ba ya karɓar fishiye guda da ya wuce giga 4, bidiyon biki guda ya isa ya ƙi shiga. Formate kuwa yana share komai, don haka ko ka sayi sabon diski ka mai da shi exFAT tun yana fanko, ko ka kwashe na cikin tsohon wani wuri tukuna. Kuma M1 Air ramuka biyu gare shi duk USB-C, kile ɗinka na da ba ya shiga sai da adafta, ka nemi mai ɗan kyau, masu arhar nan suna zafi su yanke ana cikin kwafi.

Akwai Assistant de migration da Apple ta yi don kwaso kaya daga Windows kai tsaye. Yana aiki, amma ni ban cika son shi ba a nan, yana ɗaukar awoyi kuma in kuran ya ɗauke ko wifi ya yi tangarɗa sai a sake daga farko, ga shi yana kwaso har tarkacen da ka manta da su. Da hannu ya fi: Documents, Bureau, Images, Téléchargements, ka kwafe su a diski, ka zuba a Mac. Kada ka manta Bureau, mutanenmu a nan suke tara komai.

Yanzu hotuna da bidiyon waya zuwa Mac. Abin da nike sa ma mutane shi ne LocalSend, kyauta ne, akwai na Android akwai na Mac akwai na Windows. Ka san yadda ake tura abu da Xender, to haka yake, sai dai shi babu talla. Ka kunna partaj ɗin wifi na wayarka, Mac ya hau kai, ka buɗe LocalSend a duka biyun, su ga juna, ka tura. Ba ya cin mega ko ɗaya don ba ya fita intanet, kana iya kashe data ma gaba ɗaya yana aiki. In kabul kake so dole, OpenMTP shi ma kyauta ne yana buɗe maka dosiyoyin wayar gefe da gefe da na Mac. Kuma in hotunan kamara kaɗai kake nema, da ka soka kabul ka ja sanarwar sama a wayar ka zaɓi PTP wato tura hotuna, sai ka buɗe Transfert d'images a Mac, zai gansu ba tare da ka sa komai ba. In duk ka yi haka shiru, to sannan ka zargi kabul, da yawan na kasuwa sharji kawai suke yi babu wayoyin data a ciki. AirDrop da za ka ji ana yabo, hanyar Apple ta tura kaya ba kabul, kada ka wahalar da kanka, Tecno ɗinka ba ta cikin wannan dangi.

Google Photos fa? Yana da daɗi amma ka yi lissafi. Tun 1 ga Yuni 2021 sunka daina ba da wuri marar iyaka, duk hoton da ya hau cikin giga 15 ɗin nan yake ci, kuma giga 15 ɗin Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi. Daga 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ma ta shiga cikin lissafin. In ya cika, ajiyar WhatsApp ta tsaya, saƙon Gmail ma ya daina shigowa, kai ba ka sani ba kana ta jiran takarda daga Abidjan. Ni shawarata ga ɗan kasuwa irinka, ajiyar WhatsApp ta zama ba bidiyo, Photos kuma ko ka kashe shi ko ka bar shi kan dosiyen kamara kaɗai kuma sai da wifi.

WhatsApp ɗin kanshi ba inda za shi, yana nan cikin Tecno. A Mac ka sauke shi daga App Store, ka shiga wayar wajen na'urorin da anka haɗa, ka ɗauki hoton lambar QR, shi ke nan kana amsa saƙo da kilabiye. Ana iya haɗa na'ura har 4. In wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba, sauran duk za su fita da kansu. Kuma wanda ke Mac ɗin kada ka ɗauke shi ajiya, ba duk tsofaffin hirarraki yake jawowa ba. Resi da hotunan buhuna da muryoyin da anka yi ciniki da su, in suna da muhimmanci, suna cikin wayar a Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media, ka kwafe dosiyen nan gaba ɗaya zuwa diski lokaci lokaci. Af, kuma tunda ka ambaci iPhone: ajiyar WhatsApp da ke Google Drive ba ta sauka a iPhone, sai an bi ta aflikasiyon ɗin Apple mai suna Move to iOS kuma sai iPhone ɗin na sabo ko an share shi. Ka ga sayen iPhone ɗin ma wani aikin zai ƙara maka.

Excel ɗinka. Akwai Excel na Mac kuma fishiyoyinka za su buɗe yadda suke, amma na kuɗɗi ne, wanda anka zuba maka a HP ba ya tasowa ya biyo ka, duk abin da ya ƙare da .exe ba ya aiki a Mac. Kada ka bari wani ya sa maka na kirak, ta nan cuta ke shiga Mac ɗin da ake cewa ba ya kamuwa. In lissafin naka tarawa da ɗebewa ne da jimillar buhu da kuɗɗin mota, LibreOffice kyauta ya ishe ka. Numbers na Apple shi ma yana buɗe Excel, sai dai in ka yi ajiya da nashi tsarin yake yi, ka tura ma abokin cinikinka mai Windows ya ce bai buɗe ba, sai ka tuna fitar da shi a matsayin Excel kowane lokaci. Abin da babu shi sam a Mac shi ne lojisiyel ɗin Microsoft guda biyu, Access da Publisher. Kuma in akwai wani lojisiyel na kontabilite ko na sito da kake aiki da shi, ka bincika yana da na Mac kafin ka saki HP, don Mac masu M1, waɗanda sunka fara fitowa a Nuwamba 2020, ba su da Boot Camp ɗin da ake sa Windows a gefe a tsofaffin masu Intel.

Wani abu da ya kamata in fara da shi ma na manta. Ka tabbata yayanka ya fita daga kontinshi na Apple a Mac ɗin. In sunanshi na nan a saman Réglages, ka kira shi yau ya ba ka modepas ku fita tare, ko ya cire na'urar daga kontinshi ta can, sannan ka yi Effacer contenu et réglages ka fara da sunanka. In ba haka ba ranar da anka formate shi zai tsaya kan allon kulle yana neman kontin mai shi, kuma wannan kullen ni dai ban da maganinshi. Akwai wani saurayi da ya sayi irinshi hannun wani a kasuwa, tsaf da shi ko ƙwarzane babu, ya kawo in share mishi, muna kunnawa ya nemi kontin wani bature da ba wanda ya san shi, mai sayarwa kuma ya ce shi ma haka ya saye. Yana nan ƙarƙashin teburina, ekran ɗin kaɗai munka ci moriya. Naka tunda daga hannun ɗan'uwa ya fito da sauƙi, sai dai ka tambaye shi ko na wurin aikinsu ne, don na kamfani wani lokaci suna da nasu kullen daban.

Forfe. Wanga shi ke sa mutane zagin Mac a satin farko. Da ka haɗa shi da wifin wayarka shi a ganinshi wifin gida ne marar iyaka, sai ya fara sauke mizajur a ɓoye, kuma babban mizajur na macOS na iya wuce giga 10. Ka sayi forfen wata da safe, azahar an ce ya ƙare. Ka shiga bayanan wifin wayar a Mac ka kunna yanayin rage cin data, ka kashe saukar mizajur da kanshi, in za ka yi sai ka samu wuri mai wifi na gaske. Amma ka riƙa yi ɗin, kada ka bar shi shekara. Ba da intanet ta kabul daga Android kuma yawanci ba ya aiki a Mac, ta wifi za ka bi.

Hannunka zai yi ta kuskure kwana goma na farko, kowa haka ya yi. Inda ka saba Ctrl yanzu Cmd ne, Cmd da C, Cmd da V. Ɗan maɓalli ja na saman taga, tagar kawai yake rufewa, lojisiyel ɗin na nan yana aiki sai ka yi Cmd da Q. Alamar @ a kilabiyen Faransa na Mac tana can sama hagu ƙarƙashin esc, na ga mutum ya yi rabin awa yana neman ta ya kasa shiga Gmail ɗinshi. M1 Air ba shi da fanka, wannan alheri ne gare mu don ba ya shaƙar ƙurar hunturu awa HP, amma jikinshi ne ke fitar da zafi, kuma Apple ta ce a yi aiki da shi tsakanin digiri 10 da 35, kai kuwa ka san Tawa a watan Afrilu. Kada ka bar shi cikin mota, kada ka ɗora shi kan katifa, in ya yi zafi zai rage gudu da kanshi.

HP ɗin kuma ƙanwarmu ta ƙara haƙuri wata guda. Ka yi lodi guda cikakke da Mac, daga sayen albasa har kuɗɗi su dawo, in ba ka buƙaci komawa HP neman komai ba sannan ka sake ta. Kafin ka ba ta ka fita daga Chrome da WhatsApp da Gmail, ka yi Réinitialiser ce PC ka zaɓi share komai. Ka sani kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, injin na aiki amma gyaran tsaro ya tsaya, Windows 11 kuwa na neman TPM 2.0, wani tsarin tsaro na cikin injin, da Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Ka duba wane furosesa ke cikin HP ɗin ka rubuto mini, in ba ta kai ba sai mu ga ko Linux Mint, wani tsari na kyauta da ke maye gurbin Windows, za mu sa mata tunda karatu za ta yi da ita. Ka gaida mutanen Tawa.